Zan kai ɗalibaina gidan Sardauna a Kaduna, me zan ce musu game da daren da aka kashe shi?

Malamar Tarihi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da tarihi da darasin gwamnati a wata makarantar sakandare a Funtuwa, kuma hukumar makaranta ta amince in kai 'yan aji biyar yawon buɗe ido Kaduna a wannan zangon. Inda na sa a gaba shi ne Arewa House, gidan da Firimiyan Jihar Arewa Sir Ahmadu Bello ya zauna, wanda yanzu ya zama cibiyar bincike da gidan tarihi. Ni kaina ban taɓa shiga ba, sai dai wucewa ta bakin titi, shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka san wurin.

Tambayata kashi biyu ce. Ta farko mai sauƙi: yaya ake shirya zuwa da yara masu yawa, me ake gani a ciki, kuma akwai wasu wurare kusa da za mu haɗa da su a yini ɗaya?

Ta biyun ita ce ta hana ni barci. A gidan nan aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966. Ajina ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai 'yan mata biyu Ibo da aka haifa a Funtuwa, iyayensu na da shaguna a kasuwa, Hausa a bakinsu kamar tawa. Akwai yara Kiristoci daga kudancin Kaduna, akwai Bayarabe ɗaya. Da na ambaci tafiyar a aji, wani yaro ya juya ya dubi 'yan matan nan ya ce, “Ai ku kuka kashe shi.” Sauran suka yi dariya, ɗaya daga cikinsu ta sunkuyar da kai ba ta ƙara magana ba har aka tashi. Na tsawata masa, amma na san abin da ya ji a gida ne ya faɗa, kuma tsawa ba ta cire shi daga ransa ba.

Ba na son in kai su wurin in tsaya gaban hoton marigayin in yi ta kirari, in dawo da yara masu jin haushin abokan zamansu. Kuma ba na son in ɓoye abin da ya faru, don ƙarya ce, kuma za su gane. Wanda ya taɓa kai yara, ko wanda ya san zamanin, don Allah ya taimaka mini.

Baba Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam, 'yata. Jikana ne ya nuna mini tambayarki, shi ne kuma yake buga mini wannan amsa, ni ina faɗa. Ki yi haƙuri in ta yi tsawo.

Ina yaro ɗan firamare a Kaduna lokacin da abin ya faru. Watan azumi ne, goman ƙarshe, daren Juma'a wayewar Asabar. Ƙarar ce ta tashe mu tun kafin lokacin sahur, irin ƙarar da ba mu taɓa ji ba, mahaifiyarmu ta tattara mu ɗaki ɗaya ta hana kowa leƙa waje. Mahaifina masinja ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun gwamnatin Jihar Arewa. Da gari ya waye ya ɗauki kekensa ya fita, bai jima ba ya dawo, ya jingine keken, ya zauna a kan tabarma bai cire hularsa ba. Da rana aka ji muryar Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu a gidan rediyon Kaduna yana shelar dokar soja. Sallar da aka yi bayan mako guda, ban taɓa ganin salla marar armashi irinta ba. Don haka in na ce miki kada ki mayar da daren nan shi ne kan tafiyarku, ki sani ba wanda abin bai taɓa ba ne yake faɗa.

Ga dalilina. Sardauna ya yi Firimiya daga 1954 zuwa 1966. Shekara goma sha biyu ke nan ana aiki, harbin kuwa na dare ɗaya ne. Mu da muka biyo baya mun riƙe daren mun saki shekarun, shi ya sa yaronki ya san wanda zai nuna wa yatsa amma in kika tambaye shi yadda aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ba zai iya ce miki komai ba. Idan kun shiga harabar, wuri ne mai fili da manyan itatuwa, a unguwar da ministocin Arewa suka zauna, lamba 1 Titin Rabah. Ki fara tsayar da su a kan sunan titin. Rabah ce garin da aka haife shi, can ƙasar Sakkwato, kuma can ya yi hakimci tun 1934 bayan ya gama Kwalejin Katsina ya koyar a makarantar midil ta Sakkwato. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna. Bayan 'yan shekaru aka zarge shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara Zariya aka wanke shi. Yara suna son su ji cewa babban mutum ya taɓa faɗuwa, ya taɓa tsayawa gaban alƙali. Yana sa su daina kallonsa kamar wanda ya sauko daga sama.

A cikin ɗakin baje kolin za ku ga hotunansa da na mutanen da ya yi aiki da su, da wasu kayansa na amfanin yau da kullum. Shawarata, kada ki bar su su tsaya kan fuskarsa kaɗai. Ki sa su karanta sunayen waɗanda ke tsaye kusa da shi. Aliyu Makaman Bida, Banufe, shi ya riƙe kuɗi. Isa Kaita ya riƙe ilimi. Sir Kashim Ibrahim, Babarbare, shi ne Gwamna daga 1962. Michael Audu Buba, Kirista daga ƙasar Filato, minista ne. Ali Akilu shi ne sakataren Firimiya, kuma babban titin da za ku bi a Kaduna sunansa ne. Sunday Awoniyi, Bayarabe Kirista daga ƙasar Kabba, yana cikin matasan ma'aikatan da suka yi aiki kusa da shi. Taken jam'iyyarsu ta NPC shi ne Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da duba addini ko matsayi ko ƙabila ba. Ko an cika wannan alkawari ko ba a cika ba, wannan tambaya ce mai kyau ki jefa wa yaran, su yi gardama a kai a cikin mota.

Sannan ki lissafa musu abin da aka gina, amma ki haɗa kowanne da abin da suka sani. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, kuma yaran Funtuwa sun san auduga, sun san inda ake kai ta. Arewa ta samu mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959. Jami'a a Zariya 1962, gidan rediyo da talabijin na Kaduna shi ma 1962. Bankin Arewa, da hukumar raya Arewa da ta zama NNDC, da Otal ɗin Hamdala. Jaridar New Nigerian ta fara fita ranar 1 ga Janairun 1966, mako biyu kacal kafin a kashe shi. Duk wannan da kuɗin gyaɗa da auduga da fata da haraji da jangali aka yi, wato da gumin kakannin yaran da ke cikin motarki.

Akwai kuma abin da ni na ci moriyarsa, amma ba zan ɓoye miki ɗacinsa ba, wato manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa. Tsarin shi ne in akwai ɗan Arewa a ba shi, in babu a ɗauko Bature na wucin gadi, kafin a duba ɗan kudu. Dalilinsu shi ne makarantun boko sun yi shekaru da yawa a kudu kafin su yaɗu a nan, in aka bar abin haka ofisoshin Kaduna ba za su ga ɗan Arewa ba sai a matsayin masinja irin mahaifina. Da wannan manufa aka tura yara makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya, aka tura wasu soja, aka tura wasu Ingila. Ni ɗan masinja na zama akawu, na yi ritaya ina babban jami'i, ta hanyar da aka share a lokacin. Amma na san akwai akawun da aka haifa a Kaduna ko Jos, bai san wani gida ba sai nan, aka ce masa ba shi da rabo don iyayensa daga kudu suke. Shi ma labarinsa gaskiya ne. 'Yan matanki biyu suna da haƙƙin su ji an faɗi wannan a gabansu ba tare da an yi musu kallon baƙi ba.

To, game da daren kansa. Ki faɗa musu yadda ya faru, a taƙaice, da sunaye. Wasu manjoji ne suka shirya juyin mulki. A Kaduna Nzeogwu ya jagoranta, ya fito da sojoji da sunan atisayen dare, da yawansu ba su san abin da za a yi ba, kuma cikinsu akwai 'yan Arewa. Aka buɗe wa gidan wuta, ya kama da gobara, aka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu da wasu masu tsaronsa. A daren nan a Kaduna an kashe Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa, da Kanar Ralph Shodeinde, Yarabawa ne. A Ikko an kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, da Birgediya Zakariya Maimalari, da Kur Muhammad, da Abogo Largema, da James Pam, da Laftanar Kanar Arthur Unegbe wanda shi Ibo ne. A Ibadan an kashe Firimiyan Jihar Yamma Akintola, wanda ya zo Kaduna ganin Sardauna kwana ɗaya kafin nan. Gaskiya ne yawancin manjojin Ibo ne, kuma gaskiya ne ba a kashe manyan 'yan siyasar gabas ba, wannan ne ya sa mutanenmu suka fassara abin yadda suka fassara. Kada ki tsallake shi. Amma cikin masu shirin akwai Adewale Ademoyega, Bayarabe, shi kuma Nzeogwu a Kaduna aka haife shi, ya iya Hausa. Mutane ne masu suna suka aikata, ba 'yan kasuwar Sabon Gari ba.

Kuma in kin faɗi Janairu, wajibi ne ki faɗi abin da ya biyo baya. Watan Mayu, bayan Janar Ironsi, wanda ya karɓi mulkin ƙasa bayan juyin, ya soke tsarin jihohi da doka ta 34, aka fita zanga-zangar a raba, aka kashe Ibo a garuruwanmu. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin. Satumba da Oktoba aka yi kisan da ya fi na farko muni, dubban mutane suka mutu, waɗanda suka tsira suka cika tashar jirgin ƙasa suna neman hanyar gabas. Na ga wannan da idona. Akwai maƙwabcinmu mai gyaran keke da mahaifina ya ɓoye a ɗakin ajiyar hatsi har aka samu hanyar fitar da shi, ban ƙara ganinsa ba. Daga nan sai yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Yaron da ya ce “ku kuka kashe shi” a bari ya ji wannan ma, ba don a kunyata shi ba, don ya san inda irin maganarsa ta taɓa kai mu.

Allah ya jiƙan Sardauna da duk waɗanda suka rasa rayukansu. Allah ya yi miki albarka da wannan niyya.

Mai Bincike a Samaru:

Amin, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malama, ni zan amsa ɓangaren shiri, don na yi aikin digirina na biyu a ɗakin karatun wurin.

Abu na farko, ki tuna Arewa House cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, ba wurin shaƙatawa ba. An fara ta a 1970 a matsayin kwamitin rubuta tarihin Arewacin Najeriya, ƙarƙashin hukumar da ke kula da kadarorin tsohuwar Jihar Arewa bayan an raba ta jihohi shida a 1967. A 1975 aka miƙa ta ga jami'a. Wanda ya kafa harsashinta shi ne Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila masanin tarihi da ya musulunta ya zauna a nan har rasuwarsa a 1984. Don haka ki sa shugaban makarantarku ya rubuta wasiƙa zuwa ga daraktan cibiyar tun da wuri, a faɗi yawan yara da ranar da kuke so, a nemi wanda zai zagaya da ku. Ki zaɓi ranar aiki. Ki kuma tambaya ko akwai taro a ranar, don babban zauren wurin yana yawan karɓar tarukan siyasa da laccoci. A can ne aka gayyaci 'yan takarar shugaban ƙasa suka yi wa 'yan Arewa bayani a watan Oktoban 2022. In kuka faɗa ranar irin wannan taro ba za ku samu sukunin zagayawa ba.

Abu na biyu, ki roƙa a nuna musu ɓangaren takardu ko da daga bakin ƙofa ne. Akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, akwai takardun gwamnati da tsofaffin jaridu. Ranar da na fara buɗe tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, abin da ya riƙe ni ba labarin manya ba ne, wasiƙun masu karatu ne, mutane daga ƙauyuka suna kuka a kan hanya da rijiya da farashin gyaɗa. Yaro in ya ga Hausar kakansa a takarda mai launin ƙasa yana ƙorafi ga gwamnati, zai fahimci siyasa fiye da yadda allo zai koya masa. Ki gargaɗe su kada su taɓa komai sai an ba su izini, kuma a tambaya kafin a ɗauki hoto.

Na uku, wuraren haɗawa. Gidan tarihi na ƙasa da ke Titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975, ginin tsohuwar hedikwatar NPC ne, ba shi da nisa. Zauren Lugard kuma, inda majalisar wakilai da majalisar sarakunan Arewa suka zauna, yanzu majalisar dokokin Jihar Kaduna ce ke amfani da shi, don haka shiga sai da izini, amma ko daga waje kubbarsa ta isa a tsaya a yi bayani. In lokaci ya rage, gadar ƙarfen da aka ɗauko daga Zungeru tana lambun da ake kira Gamji a bakin kogi, daga nan sai ki ba su labarin yadda hedikwata ta taso daga Zungeru ta dawo Kaduna. Wuri uku sun isa yini ɗaya. Ki raba yaran rukuni-rukuni, kowane da malami, ku taho da ruwa da abinci.

Jikan Ɗan Sawaba:

Baba, ranka ya daɗe, na karanta bayaninka da girmamawa, kuma ka faɗi abin da da yawa daga cikin tsararrakinka ba sa faɗa. Amma ka ba ni dama in ƙara abu ɗaya da ya rage, don a gidanmu da shi muka tashi.

Kakana ɗan NEPU ne, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, tela ne. Ya sha ɗauri a wata kotun alƙali saboda ya halarci lacca ba da izinin hukuma ba, kuma har ya rasu akwai tabon bulala a bayansa, mun gani muna yara in yana alwala ya ɗage riga. Ba shi kaɗai ba ne. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma tun daga lokacin 'yan doka da dogarai da kotunan En'e su ne makamin da aka yi amfani da shi a kan 'ya'yanta a garuruwa da yawa. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba duk tsawon Jamhuriya ta Farko, alhali matan kudu suna jefawa, sai a shekarun 1970 suka samu. A ƙasar Tibi an yi tarzoma a 1960 da 1964, magoya bayan Joseph Tarka da jam'iyyarsa ta UMBC suna adawa da mulkin NPC, har aka tura soja. Ko Sarkin Kano Sanusi, wanda jigo ne a NPC, an sa shi ya yi murabus a 1963 aka kai shi Azare. Duk wannan a ƙarƙashin gwamnatin da ke zaune a gidan da za ku ziyarta.

Ban faɗi haka don in rage wa Sardauna daraja ba. Kakana da kansa, da labarin kisan ya zo, an ce rufe shagonsa ya yi, ya ce adawa suke yi da mutumin, ba jininsa suke nema ba. Abin da nake nufi shi ne gidan Firimiya labarin Firimiya zai bayar, haka kowane irin gida yake. In kina son yaran su san siyasar Arewa, ki nuna musu akwai masu fartanya, alamar NPC, akwai masu tauraro, alamar NEPU, kuma duka 'yan Arewa ne, Musulmi ne da yawansu, wani lokaci uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan ma zai taimaka wa matsalar ajinki, don yaron nan yana zaton tarihin ƙasar nan Hausa ne a gefe ɗaya, Ibo a ɗaya gefen. Bai san NEPU ta yi ƙawance da NCNC ta Azikiwe ba.

In Allah ya hore muku wata tafiyar, ki kawo su Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Nan ya zauna har ya rasu a 1983, nan kabarinsa yake. Su ga ɗakin da ya kwana, su kwatanta da abin da suka gani a Kaduna, su yanke wa kansu hukunci.

Malam daga Zonkwa:

Sannu da ƙoƙari, Malama. Ni ma malami ne, kuma na taɓa kai ɗalibai wurin, yawancinsu Kiristoci. Kafin mu tafi wasu iyaye sun tambaye ni me 'ya'yansu za su je yi gidan Sardauna, don abin da suka riƙe game da shi shi ne rangadin musuluntar da mutane da ya yi a ƙarshen rayuwarsa, da kuma mulkin da masarauta ta yi a kan ƙasarmu. Na ce musu gwamnatin da ta zauna a gidan nan tamu ce mu ma, harajin iyayenmu na ciki, kuma yaro ba ya rasa komai don ya ga inda aka yanke shawarar da ta shafi kakansa.

Abin da ya yi mini amfani shi ne aikin da na ba su kafin mu tashi. Na ce kowa ya je ya tambayi dattijo ɗaya a gidansu ko unguwarsu: ina kake a 1966, me ka ji, me ka gani? Su rubuto shafi ɗaya. A cikin harabar, ƙarƙashin itatuwan, bayan mun fito daga ɗakin hotuna, muka zauna kowa ya karanta nasa. Wata ta kawo labarin kakanta da ya samu gurbin karatu a zamanin Sardauna, wani ya kawo na kakansa da ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba. Ba wanda ya yi dariya.

Ki gwada wannan. Amma ki fara kiran 'yan matan nan biyu gefe, ke da su kaɗai, ki gaya musu abin da za a tattauna, ki tambaye su ko suna son su karanta nasu a gaban aji ko su ba ki a rubuce. Kada a tilasta musu su zama masu kare wata ƙabila. Shi ma yaron ki ba shi aiki na musamman: ya nemo sunayen duk waɗanda aka kashe a daren da garin da kowanne ya fito, shi zai karanta wa aji.

Malamar Tarihi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma da nisan kwana, ina neman izininka in buga amsarka a takarda in karanta wa yaran, musamman wurin maƙwabcinku mai gyaran keke. In ka yarda, jikanka ya sanar da ni a nan.

Na riga na yi magana da shugaban makaranta, gobe za a rubuta wasiƙar. Za mu tsaya a wuri uku kamar yadda Yaya mai bincike ta ce: Arewa House da safe, gidan tarihi na Titin Ali Akilu bayan azahar, sannan mu tsaya gaban Zauren Lugard kafin mu kama hanya, don ina son mu shiga Funtuwa da sauran rana. Aikin tambayar dattawa zan ba da shi ranar Litinin. Na yi magana da mahaifiyar ɗaya daga cikin 'yan matan a shagonta jiya da yamma, ta ce surukarta tana Kano a 1966, tana da rai, kuma za ta so a tambaye ta.

Mambayya kuma na sa ta a lissafin zango na uku in kuɗin mota ya samu. Jikan Ɗan Sawaba, in akwai wanda ake rubuta wa wasiƙa a can, ko tsarin ɗaya ne da na Kaduna, don Allah ka yi mini bayani.